Ranar da Kekena Ya Tuɓe Ni a Tsakiyar Kogin Nilu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma na sha gwadawa), da yammacin da na yi rawa a gaban jama'a a saman jirgin ruwa, a tsakiyar Kogin Nilu. Ni fa, da ɗalibai suke kira Malam, wanda idan na shigo wuri samari suke rage sautin waya su gyara zama. Ni da ko a bikina ban ɗaga kafaɗa ba. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri kuwa, a lokacin da na yi rawar nan na yi shekaru rabona da taka ƙasa da ƙafata.

Da ƙafafuna biyu na zo Alƙahira karatu. Ina tsakiyar digiri na biyu a fannin nahawu, a jami'ar da ke unguwar Darrasa, na je hutu gida, motarmu ta kife tsakanin Zariya da Kano. Da na farfaɗo a asibiti likita ya ce laka ce ta taɓu a wuya. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba na jin komai. Hannun hagu ya zama ado. Na dama yana motsi, amma ko cokali sai an ɗaura min shi. Dangi suka ce karatu ya ƙare, a zauna gida a yi ta addu'a. Matata Hajara ce ta ce ai addu'a a Masar ma ana yin ta. Haka muka dawo, muka sami gida a ƙasan wani bene a unguwar Abbasiya, aka yi fafutuka aka samo min keken guragu mai batir.

Keken nan yana da wani ɗan ƙarfe tsawon yatsa, mai kan roba, a bakin hannun kujera na dama. Duk inda ka tura shi nan keken zai nufa. Sitiyari nake ce masa. Da shi na koma aji, da shi nake ratsa lungunan Darrasa tsakanin masu sayar da littattafai da masu tura amalanke, har na ƙware, ina shan kwana kamar direban tasi. Sabbin ɗalibai daga gida suna zuwa falona ina yi musu bitar nahawu. A wajensu ni mutum ne mai kwarjini, wanda ba ya wasa, kuma gaskiya ina jin daɗin hakan.

Amma akwai abubuwa biyu da ban yarda kowa ya gani ba in ban da Hajara da likita. Akwai bel da ake ɗaure min ƙirji da shi a jikin kujera don kada in kife gaba. Akwai kuma jakar fitsari da ake ɗaurawa a ƙwaurina. Kullum da mayafi a cinyata, ko da garin yana tafasa. Ɗalibai sun ɗauka sanyi nake ji.

Asibitin da ake min gashi a unguwar Ma'adi yake, kusa da bakin kogi. Idan mun fito mukan ɗan tsaya shan iska kafin mu nemi mota. A nan manyan jiragen yawon buɗe ido suke wucewa, masu hawa-hawa kamar otal, mutane a sama suna ɗago hannu. Hajara ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ta bi jirgi da ido har ya ɓace. Matar da tun ranar haɗarin ba ta yi barci mai nauyi ba, saboda sai ta tashi ta juya ni kada fatata ta yi gyambo. Na ƙudura a raina cewa ranar da na kammala digiri na uku, sai ta hau jirgin nan, kuma sai ta hau da ni.

Allah ya nufa na kammala. Na kira wani kamfani da ke da jirgi mai tashi daga Alƙahira har Aswan, na yi wa mutumin bayanin halina dalla-dalla. Ya ce, “Mafish mushkila, ya basha,” wato babu matsala, ranka ya daɗe. (Duk wanda ya zauna Masar ya san idan aka ce maka haka, to ka fara neman inda matsalar take.)

Mun same ta tun a bakin ruwa. Hanyar shiga jirgin wani siririn katako ne, faɗinsa bai kai dardumar sallah ba, ma'aikata biyu suna riƙe da gora a gefe a matsayin abin dafawa. Kekena ya fi katakon faɗi. Manajan jirgin, wani mai tumbi da ƙyallin goshi da ake kira Ustaz Magdi, ya fito ya dube ni, ya dubi katakon, ya sake dubana.

“Ya Shaikh, ma'alish, ka yi haƙuri,” in ji shi. “Ba a gaya min haka abin yake ba. Ba mu da lifta, ƙofofinmu ƙanana ne. Don lafiyarka nake faɗa, gara ka koma gida.”

Na gyara murya na amsa masa da Larabcin littafi, wanda shi kaɗai na iya da kyau. Na ce, “Ustaz Magdi, kundin digirina da gaɓar yatsa ɗaya na buga shi, harafi bayan harafi. Katako ba zai mayar da ni gida ba.”

Ya zuba min ido. Ban sani ba ko maganar ce ta ratsa shi ko kuwa bai gane rabinta ba, don Misirawa idan suka ji irin Larabcina sai su ga kamar labaran rediyo ne suka sauko suna yawo a titi. Hajara ce ta karɓe zancen da Larabcin kasuwa, irin wanda ta koya a wajen masu tumatir, hannu yana tashi, murya tana hawa. Kafin in ankara Ustaz Magdi yana cewa, “Khalas, khalas, ya madam. Yalla ya shabab!” Wato shi ke nan, samari ku zo ku ɗauke shi.

A kujerar roba aka ɗora ni, majiya ƙarfi suka ɗaga ni sama. Na kafe idona a sararin samaniya, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ruwa yana motsi a ƙasa, katako yana lanƙwasa, wani a bayana yana nishi. Muka tsallake. Sannan suka koma suka ɗauko keken, wanda ya fi ni nauyi, suna kiran sunan Allah. Ƙofar banɗakin ɗakinmu ta ƙi keke, aka kawo sukundireba aka kwance ta gaba ɗaya, Hajara ta rataya zaninta a wurin.

To amma jama'a, da jirgin ya ɗaga! Tagar ɗakinmu dab da ruwa take. Gine-ginen Alƙahira suka yi ta raguwa har suka ƙare, sai gonaki da dabino, masunta suna dukan ruwa da sanda don kora kifi cikin raga, ɓauna kwance cikin ruwa a bakin gaɓa sai hanci kawai a waje. Lokacin sallah sai ka ji kiran sallah daga ƙauyen gabas, na yamma ya amsa masa. Ba girki, ba wanki, ba cunkoson mota. A rana ta biyu na ga Hajara ta yi barci da rana, baki buɗe, har da minshari. Na zauna ina kallonta ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ma'aikatan ma suka saba da ni. Da an ga na doso matakala sai ka ji “Yalla, Shaikh ya iso,” a ɗaga ni a hau da ni.

Da a ce na tsaya a nan, da labarin nan na alfahari ne zalla. Sai dai alfaharin ne ya yi min yawa.

Mun wuce garin Minya aka sanar cewa bayan la'asar za a yi taron jallabiya a saman jirgi. Kowa zai sa kayan gargajiya, a sha shayi, kuma mai rawar tannura zai yi wasa. Tannura wani faffaɗan siket ne mai nauyi, mai launi kala-kala, namiji ne yake ɗaura shi ya yi ta juyawa har ya buɗe kamar lema, daga nan ya zare shi ta ka yana wulwula shi a sama. Na ce wa Hajara ni ba zan je kallon rawa ba, ba girmana ba ne. Sai kuma na leƙa shagon jirgi na ga Turawa suna ta sayen wasu jallabiyoyi masu ƙyalƙyali kamar ledar alawa, suna ɗaura tawul a ka wai rawani. Wani abu ya motsa a zuciyata. Na ce yau sai na nuna wa mutanen nan abin da ake kira sutura.

A ƙasan akwati akwai babbar rigar da aka ɗinko min daga gida don ranar kare kundi. Shadda ce ruwan sararin samaniya, ta sha aiki a ƙirji, ta sha bugu, tana ɗaukar ido. Ga hula zanna. Matsalar ɗaya ce, zafi. Tun bayan haɗarin jikina ba ya gumi daga ƙirji zuwa ƙasa, zafi kaɗan sai in ji kamar an sa ni a tanda. Sai dabara ta zo min.

“Hajara, ba sai na sa 'yar ciki da dogon wando ba. Ki bar ni da singileti da gajeren wandon nan. Ki lulluɓa min rigar ta sama, har da bayan kujerar, ta sauko har ƙafa. Wa zai sani?”

“Malam,” ta ce, “wandon agwagin fa?”

(Dole in yi bayani. Wando ne na auduga mai laushi da ta sayo min saboda ba ya cin fata. Kala ɗaya ya rage a shagon, mai hoton 'yan agwagi rawaya suna iyo. Ba ni na zaɓa ba. Ina so a rubuta wannan a ajiye.)

“Na ce wa zai sani?”

Ta sa min rigar yadda na ce. Ta ja baya ta dube ni, sai na ga ita kanta abin ya burge ta. Rigar ta rufe bel, ta rufe jaka, ta rufe keken kansa sai tayoyi kawai. Wanda bai sani ba sai ya ce wani attajiri ne ya zauna yana jiran a kawo masa gaisuwa.

“Amma hannun rigar nan da iskar kogi ba za su shirya ba,” in ji ta. “Bari in kama maka shi da fil a kafaɗa.”

“A soka wa shadda fil? Haba Hajara. Ai ba yau na fara sa babbar riga ba.”

Ta mayar da fil ɗin cikin jaka.

Aka hau da ni sama. Wurin a buɗe yake, kujeru a kewaye, fili a tsakiya, a can gefe kuma ɗan tafkin wanka mai shuɗin ruwa. Na tura sitiyari na shigo a hankali, iska tana kaɗa shadda, rana tana dukan aikin ƙirji. Wallahi sai da wurin ya yi tsit, sannan aka ɗauki tafi. Wayoyi suka tashi sama. Ustaz Magdi ya buɗe hannuwa ya ce, “Ya salam! Sultan!” Na ɗan sunkuyar da kai irin na manya. Na yi fakin a sahun gaba, ni da na ce ba zan zo ba. Hajara ta tafi ɗebo mana shayi.

Makaɗa suka fara, ganga da wata algaita irin tasu. Mai tannura ya shigo, dattijo ne mai furfurar gashin baki, ya fara juyawa. Ana cikin haka wata Baturiya ta matso ta nuna min kyamara, tana neman izinin hoto. Na amince. Sai na ga ai ta tsaya ta inda aikin rigar ba zai fito sosai ba, gara in ɗan juya. Kafin in juya kuma, na ce bari in yi abin nan da manya suke yi, in wurga hannun riga bisa kafaɗa.

Da hannun da ba ya riƙe cokali.

Rigar ba ta kai kafaɗa ba. Iska ta karɓe ta a hanya, ta shimfiɗa ta a kan sitiyari, jelar ta sauka ƙarƙashin taya. Ni ban lura ba. Na taɓa sitiyari kaɗan. Taya ta kama shadda ta naɗe, shadda ta ja sitiyari ta danne shi dama har ƙarshe, hannuna a ƙarƙashi ya maƙale.

Keken ya fara juyawa.

Na ga kogi, na ga dabino, na ga Turawa, na ga makaɗa. Na sake ganin kogi, dabino, Turawa, makaɗa. Ban taɓa sanin keken nan yana da irin wannan gudun ba. Ɗaya ɓangaren rigar ya cika da iska ya buɗe, ya tashi sama kamar lema. Hulata ta yi tsalle ta bar kaina, na gan ta sau ɗaya a sama, a zagaye na gaba tana kan ruwa ta kama hanyar komawa Alƙahira.

Abin da ya fi ciwo, ba wanda ya gane haɗari ne. Suka ɗauka shiri ne! Aka ɓarke da tafi da shewa. Makaɗa suka ƙara wuta. Dattijo mai tannura ya ga an zo masa da gasa har gida, ya matso yana kewaya ni, siket ɗinsa yana juyawa, rigata tana juyawa. Wani daga cikin ma'aikata yana ihu, “Allah yinawwar ya Shaikh!” wato Allah ya ƙara haske.

Na buɗe baki na ƙwala, “Agisuni! Agisuni!” Ma'anarsa ku cece ni, kuma Larabci ne ingantacce, ba kuskure ko na wasali ɗaya. Sai dai rabon da a ji wani ya faɗe shi a titin Masar tun zamanin takubba. Misirawan suka fashe da dariya, wani har yana riƙe ciki, sun ɗauka cikin wasan ne. Daga nan nahawun da na ƙare ƙuruciyata ina karantawa ya tattara ya bar ni.

“Hajara! Wayyo Allah! Hajara kashe shi!”

Ita kaɗai ta san wannan muryar. Na ji ƙarar kofuna sun tarwatse. A zagaye ɗaya na gan ta can nesa, a na gaba tana kusa, mayafi a hannu, tana bin keken tana kai cafka kamar mai kamun kaza. A lokacin ne na lura keken ba a wuri ɗaya yake juyawa ba. Yana matsawa, kuma wajen tafkin yake matsawa. Nan dariya ta ƙare a wajena. A ɗaure nake a jikin ƙarfen da ya fi ni nauyi. Idan muka faɗa ruwan nan tare za mu nutse, ba ni da hannun da zan kwance bel. Na fara kalmar shahada da gaske.

Sai na ji an shaƙe min wuya, duniya ta yi duhu, ta yi shuɗi. Taya ce ta cinye rigar har ta jawo ta ta kaina. Na ji ɓaarrr, shadda ta yage. Haske ya dawo. Hajara ta faɗa kan bayan keken da dukkan nauyinta, ta finciko ƙarfen da ke raba inji da taya. Muka tsaya. Ƙaramar tayar gaba tana leƙen ruwa.

Ganga ta yi shiru. Algaita ta yi wani ɗan kuka ta mutu.

Ga Sultan nan a tsakiyar fili. Ba hula, ba riga. Singileti, baƙin bel a ƙirji, 'yan agwagi rawaya suna iyo a cinya. Ƙafafu sirara kamar sandar rake. Ga jakar nan ɗaure a ƙwauri, da robarta, rabi cike, rana tana haska ta.

Zan yi wasa da komai a labarin nan, amma ban da wannan ɗan lokacin. Shekaru na yi ina lulluɓe abin nan. Na sha zafi, na ƙi zuwa walima, na ƙi tafiye-tafiye, duk don kada wani ya gani ya ce wayyo. Yau ga shi a gaban mutanen da ban ma san adadin ƙasashensu ba, kowa da waya a hannu. Na runtse ido. Na roƙi Allah ya buɗe jirgin nan in wuce ƙasa.

Sai na ji wani abu mai nauyi, mai ɗumi, ya sauka a cinyata. Na buɗe ido. Dattijon nan ne ya zare tannurarsa ta ka, ya wulwula ta sau ɗaya a sama, ya shimfiɗa min ita daga ƙirji har ƙafa, kai ka ce dama haka wasan yake ƙarewa. Yana haki, gumi yana zuba daga gashin bakinsa. Ya kama hannuna na dama ya ɗaga sama kamar na ɗan damben da ya yi nasara. A hankali ya ce, “Ma'alish, ya ustaz.”

Kowa yana jira ya ga abin da zan yi. Ban san daga ina maganar ta zo ba. Na dai ji bakina yana cewa, da Larabcin nan nawa na rediyo, “Jama'a, wanda bai ɗauki hoto ba ya yi haƙuri. Ba na maimaitawa.”

Misirawa suka fara fashewa, aka fassara wa Turawa suka biyo baya. Tafin da aka yi ya fi na shigowata. Na waiga neman Hajara, na gan ta durƙushe a bayan keken, fuska cikin tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ta dube ni cikin siket mai kala bakwai, ta ce, “Malam… agwagin…” ta sake kifewa. Dariya take, irin wadda har numfashi yake ɗaukewa. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna da ƙafafu huɗu a gidan.

Da muka koma ɗaki jarumtar ta sauka. Na ce mata ba zan ƙara fita ba har Aswan, a riƙa kawo min abinci nan. Tana zaune a ƙasa tana ciro guntayen shadda daga cikin taya. Ba ta ko ɗago ba.

“Malam, jakar nan ni nake zubar da ita, ni nake wanke ta, safe da yamma. Ban taɓa jin kunyarta ba. Ita ce ta bar min kai da rai. Yau mutane sun gan ta, sai me? Wani ya mutu?”

“Mutuncina fa?”

“Mutuncinka yana nan. Riga ce ta yage.” Ta miƙe ta buɗe akwati. “Farin kaftani ko ruwan toka? An kusa zuba abinci, ni kuma yunwa nake ji.”

Na zaɓi fari. Ta ɗauko mayafin cinya, na dube shi, na ce ta bar shi, garin da zafi.

Shigata ɗakin cin abinci ya fi tsallake katakon nan wuya. Amma na shiga, kaina a sama. Aka yi tafi, Ustaz Magdi ya zo da kansa ya ba ni kyautar wanda ya fi kowa shiga, wani ɗan mutum-mutumin kyanwa na dutse. (Ban tambaye shi wace shigar ake nufi ba, ta farko ko ta biyu.) Bayan haka kowa ya koma kan farantinsa. Abin ya ba ni mamaki, har ya ɗan ba ni haushi. Abin da na ɗauka zai tsayar da duniya bai hana kowa cin kifinsa ba.

Muna cikin ci wata tsohuwa Bamisiriya ta jawo kujera ta zauna kusa da Hajara. Ta ce ɗanta ya faɗo daga gini, yanzu kamar ni yake, da irin jakar nan, kuma ya daɗe bai yarda ya leƙa ko ƙofar gida ba. Ta tambayi inda ake samun irin kekena. Sannan ta kira shi a waya ta kara min a kunne. Ban yi masa wa'azi ba. Na ce masa ina tsakiyar kogi, ɗazu na yi tsirara a gaban Turawa, kuma ga ni ina cin kifi. Sai na ji ɗan sautin dariya. Ya ce zai yi tunani. Ban san abin da ya yanke ba.

Mun kai Aswan. A hanya an sauke ni an ɗora ni a kan katakai iri-iri, na shiga tsoffin gine-ginen Fir'auna inda keke zai iya shiga, inda ba zai iya ba na tsaya a inuwa Hajara ta shiga ta dawo ta ba ni labari. Ban bar ko zango ɗaya ba.

Kafin mu dawo Abbasiya bidiyon ya riga mu isowa. Yadda aka yi ya faɗo zauren ɗaliban Najeriya na waya, har yau ban sani ba. Ranar da aka dawo bita, samarin suka zauna shiru, kowa ya kafe littafi da ido, ba mai kallon ɗan'uwansa. Na ce, “To, ku yi ku gama, sannan mu yi karatu.” Dariyar da suka ɓarke da ita, sai da maƙwabci ya buga mana bango.

Bayan sati sai ga kiran mahaifiyata daga Zariya. Na ɗauka, na fara, “Inna, wallahi tsautsayi ne…”

“Rufe min baki,” ta ce. “Ni da nake kwana ina tunanin kana can a ɗaki kamar kayan ajiya? Sai ga ɗana a kan ruwa, cikin mutane, ana yi masa tafi. Duk matan layinmu sai da na sa aka nuna musu.” Sannan ta ƙara da cewa, “Sai dai ka riƙa cin abinci. Ƙafafun nan sun yi siriri da yawa.”

Wato har wannan wurin matan layinmu sun gani.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, don haka kada a sa ran jin fatawa. Na gane cewa tun da jikin nan nawa ne, kuma da shi zan ci gaba da shiga duniya, to wata rana zai sake ba ni kunya a gaban mutane, ko na shirya ko ban shirya ba. Abin da ya rage min shi ne in zaɓi fuskar da zan yi. Saboda haka idan keke ya sake kwasata ana tsakiyar kiɗa, ba zan ɓata lokaci wajen ihu ba. Tun a zagayen farko zan ɗaga hannu in yi murmushi, kowa ya ɗauka da gangan ne.